Shekara Uku Ina Gyaɗa wa Gurnani Kai

A iya sanina, mu uku ne kacal masu sauraron kiɗan ƙarfe tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma a cikin ukun nan akwai maƙaryaci guda. Ni ne shi. Ba wai ba na son kiɗan ba, ina son shi har cikin raina. A kan irin wanda nake so na yi ƙaryar, kuma yayan matata na yi wa ita, shekara uku cur.

Turawa hebi metal suke ce masa. Jita ce ta lantarki da ake ƙure wa murya, da ganguna da ake jibga ba tausayi, da mawaƙi a kansu. Wanda bai saba ba zai ce maka duk hayaniya ɗaya ce. Matata ma haka take cewa har gobe, wai kamar an tara tukwanen gidan biki an gangaro da su daga kan tudu. Amma mu da muke ciki mun san iri-iri ne, kuma a kan wannan bambancin mutum zai iya tayar da jijiyar wuya da abokinsa har a zo rabiya.

Ni a Sakkwato na ɗauko cutar, lokacin ina makarantar horon malamai. Abokin ɗakina ne ya tura mini waƙa ɗaya a waya don ya ga yadda zan yamutsa fuska. Ban yamutsa ba. Irin wadda ta kama ni ita ce mai farawa a hankali, jita ɗaya tana kuka ita kaɗai, can ganguna su shigo, sannan mawaƙi ya ɗaga murya siririya tas har ka ji tsikar jikinka ta tashi. Waƙa ɗaya takan kai minti tara. Da na dawo Isa na kama koyarwa a firamare, sai na ci gaba da tara su ɗaya bayan ɗaya a memorin wayata. Ba ƙaramin aiki ba ne. Sabis ɗinmu sai ka hau tudun bayan makaranta ka ɗaga waya sama, waƙa ɗaya ta cinye maka yamma guda, ta zo gab da ƙarewa ta yanke. Kowace waƙa a memorin nan ina iya tuna wuyar da na sha a kanta.

Da na tashi neman aure, 'yar Sabon Birni Allah ya haɗa ni da ita. Mahaifinsu ya rasu tana ƙarama, babban yayanta ne ya rene ta, don haka shi ne uba. Aka ce in je in gaishe shi. Yana da injin niƙa a bakin kasuwa. Na sha farar shadda ta aro, na kafa hula, na hau mota ina ta bitar gaisuwar da zan yi.

Tun daga nesa na ji ƙarar inji. Da na matso sai na ji wani abu a ƙarƙashin ƙarar, ganguna suna gudu ba numfashi. Na tsaya cak. Na leƙa rumfar, sai ga wani ƙaton mutum ya yi fari fat da gari tun daga gira har yatsun ƙafa, yana tura gero cikin inji yana kaɗa kai, ga wata tsohuwar lasifika rataye a ginshiƙi an naɗe ta da leda. A duk faɗin ƙasar Gobir ban taɓa zaton akwai wani mai jin abin nan ba, sai ga shi a gidan da nake neman aure.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya kashe inji, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ƙahwarka ta tona ma asiri tun kana bakin ƙohwa. Ka san wanga kiɗi?"

"Na san shi, Yaya."

"Ina kas san shi?"

"Sakkwato."

Ya yi wata dariya har gari na zuba daga gemunsa. Ya jawo mini buhu na zauna, ya manta da maganar auren kwata-kwata, ya shiga latsa waya. Abin da ya fito daga lasifikar nan ba irin nawa ba ne. Mawaƙin ba ya waƙa, gurnani yake daga can ƙasan maƙoshi, gangunan kuwa ba sa barin ka haɗiye yawu. Na san irin wannan tun a makaranta, kuma ban taɓa iya kai ƙarshen ko ɗaya ba.

"Wanga shi na kiɗi," in ji shi. "Akwai wasu can, namiji da gemu nai shi tsaya shina tsuwa awa an taka wutsiyar mussa, jita na ta kuka ba a san ranar ƙarewa ba. Wancan ba kiɗi ba na, kunun zaƙi na. Ko ba haka ba, Malam?"

Wancan ɗin da ya kira kunun zaƙi shi ne cike da wayar da ke aljihuna. Amma a wajenmu ba a yi wa yayan mata musu, balle wanda ya tsaya a matsayin uba, balle kuma ranar farko, kana cikin rigar aro. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka na, Yaya."

Aka ba ni mata. Har yau ina zargin wannan amsar ta taimaka.

Daga nan duk ranar kasuwar Sabon Birni da ba ni da aji, ina rumfarsa. A can na ji yadda aka yi ya kamu. Ya ce shekara da shekaru yana son ya riƙa jin wani abu yana aiki, amma duk waƙar da ya sa, injin sai ya haɗiye ta. Ya gwada na gargajiya, ya gwada na zamani, ba abin da ke fitowa. Wata rana wani direba da ke shigowa daga Nijar ya bar masa memori, a ciki ya tarar da kiɗa ɗaya tilo da ya fi ƙarfin injinsa. Tun daga ranar ma'auninsa ɗaya ne: in ya tayar da inji bai ji waƙa ba, to waƙar ba ta cika ba. Nakan zauna kan buhu, gari na shiga mini hanci, gurnani na shiga mini kunne, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Na ukunmu wani makiyayi ne daga rugar da ke kusa da Unguwar Lalle, siriri, mai sanyin magana. A rumfar ya fara ji, yana jiran a niƙa masa gero, sai ya roƙi a tura masa. Amma shi wani iri dabam ya zaɓa, mai nauyi mai jan ƙafa, wanda za a daki jita sau ɗaya a bar ta tana ruri har ka ɗauka wayar ce ta tsaya. Ya ce shi ne daidai da tafiyar shanu. Shi da Yaya ba su taɓa rabuwa lafiya ba. Yaya ya ce kiɗansa na masu zazzaɓi ne. Shi kuma, cikin sanyin muryar nan tasa, ya ce mawaƙin Yaya ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, a taimaka a ba shi ruwa. Masu kawo niƙa su tsaya riƙe da kwanoni suna kallon manya biyu na neman dambe a kan waƙar da ba wanda ya san abin da take cewa. In sun gaji sai su juyo kaina.

"Malam, kai ka da ilimi, raba mu. Wa ad da gaskiya?"

Kullum Yaya nake ba gaskiya. Makiyayin yakan dube ni ta wutsiyar ido ya ce, "Suruki dai ba shi shaida," a yi dariya a tashi.

A shekara ta biyu hanyar daji ta yi wuya, ya kwashe shanunsa da iyalinsa ya ƙetara iyaka. Muka rage mu biyu. Yaya ya ninka mini kyauta. Duk sabon gurnanin da ya samu sai ya tura mini, in na dawo ya tambaye ni yadda na ji, in ce madalla. Wani lokaci yakan faɗi abin da ni da shi duk mun san ba haka yake ba. Ya taɓa cewa mai jita ba shi da wani amfani a kiɗa, a sallame shi a bar mai ganga. Ya faɗa yana kallona. Ni kuma na ce haka ne. Ya juya ya tayar da inji. Ni kuwa ina ta yaba wa kaina ladabi.

Matata ta san komai. Da yamma in na zauna duba littattafan aji da abin ji a kunne, idona a lumshe, takan zo ta zare ɗaya ta saurara, ta taɓe baki.

"Wanga ai shi na kunun zaƙin da Yaya ka hwaɗi. Malam, yaushe za ka gaya mai?"

"Ba yanzu ba."

"Ni da yar rene ni ban jin tsoro nai awa kai. Ranar da asirinka yat tonu, kak ka ce ban hwaɗa ma ba."

Ba tsoron duka nake ba. Ina ƙaunar mutumin nan ƙwarai. Bai taɓa bari na biya kuɗin mota ba, kuma duk inda ya gabatar da ni sai ya ce ga ƙanensa, ba ya cewa mijin ƙanwarsa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zai gane cewa zaman da ya fi so a mako an gina shi a kan ƙarya. Kuma kullum ƙaryar ƙara tsufa take, tana ƙara wuyar faɗa.

Asirin ya tonu wata ranar kasuwa bayan kaka. Na iso na tarar da Yaya ya wanke fuska, ya rufe rumfa, yana ta murna. Wai mai shagon tura waƙa da ke layin masu waya ya dawo daga Sakkwato da kaya a kwamfutarsa, gurnani zalla, wanda ko shi bai taɓa ji ba. Ya kama hannuna muka tafi. Aka cika masa wayarsa. Sai ya miƙo hannu.

"Kawo taka, Malam."

Na ba shi. Me zan ce? Mai shagon ya zare memorin ya sa a kwamfuta, ya duba, ya ce ai a cike yake, ba wurin ko waƙa ɗaya, sai dai a wanke.

"Wanke shi," in ji Yaya. "Duk abin da ac ciki ni nab ba shi, ina da su. Wanke ka zuba mai sabbi."

"Duka?"

"Duka."

Na ga hannun mutumin ya nufi madannin kwamfutar. Na tuna tudun bayan makaranta, da rana, da hannuna da ke sagewa a sama. Shekara bakwai na tara su. Ban san lokacin da muryata ta fita ba.

"Tsaya! Kak ka taɓa!"

Wata tsohuwa da ta zo karɓar wayarta daga caji ta dafe ƙirji. Yaya ya juyo yana dubana. Tunda na riga na ɓare baki, sai na ƙarasa. Na ce abin da ke ciki ba nasa ba ne. Nasa nakan saurari ɗaya ko biyu don in sami abin faɗa, in goge. Na ce kiɗan da ya cika memorin shi ne irin wanda yake kira kunun zaƙi, kuma shi nake so tun ina makaranta, gurnani kuwa ciwon kai yake sa ni.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar hwarko, Yaya."

Na yi zaton zai yi faɗa, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya karɓi memorin daga hannun mai shago, ya mayar a wayata da kansa, ya miƙo mini, ya fita. Na bi shi a baya har rumfa. Ya buɗe, ya tayar da inji, ya karɓi kwanon wata mata ya fara aiki. Bai kunna lasifika ba. Na yi sallama bai ji ba, ko ya ji. Na hau motar Isa na koma gida.

Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, musamman da na zo kan tsohuwar da ta dafe ƙirji. Da ta ga fuskata sai ta daina. Mako ya wuce bai kira ba. Na kira sau biyu, ya amsa gaisuwa, ya tambayi ƙanwarsa, ya ce inji na jiransa. Ranar kasuwarsu ta zo na kasa zuwa. Na hau tudu na zauna, ko waƙa ɗaya ban iya ji ba. Raina ya ɓaci sosai, na tabbata na yi asarar ɗan'uwa a kan abin da mutanen gari za su kira shirme.

A mako na biyu, ranar kasuwar Isa, na dawo daga makaranta da azahar sai na ga takalma manya a ƙofar zaure. Yaya ne zaune a kan tabarma, da sabuwar riga, da lasifikarsa mai leda a gefe. Mutumin da ko ranar ɗaurin aurenmu sai da ya yi niƙan safe, yau ya rufe rumfa ya shigo mota. Na durƙusa. Ya ce in zauna sosai.

"Malam, ba kiɗin ab baƙin cikina ba. Kowa da kunne nai. Shekara ukku ina zance da kai, ashe ni ɗai nika zance. Tun da abokinmu yat tahi da shanu nai, ban samu wanda za shi ce mani ƙarya nika yi ba. Har da gangan nika hwaɗin abin da na san ba daidai na ba, in gani ko ka tanka. Sai ka ce haka na. Ka san abin da niy yi zato? Nic ce halan malamin makaranta na, ya rena mai niƙa, ba shi ɓata bakinai gardama da ni."

Wannan ta shige ni. Abin da na ɗauka girmamawa ne, shi raini ya karanta, kuma ya haɗiye shi shekara uku yana kirana ƙanensa. Na rantse masa ba haka ba ne. Ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Sa mani naka in jiya. Wanda kaf hi so, ba wanda kaka zaton za ni so ba."

Na haɗa wayata da lasifikar, na zaɓi wadda na fi shan wuyar samu. Jitar ta fara ita kaɗai. Ban taɓa jin ta a fili ba sai a kunnena, kuma a zauren nan sai na ji kunya kamar an buɗe mini akwati a kasuwa. Yaya ya harɗe hannu ya rufe ido. Minti ɗaya, biyu, bai motsa ba. Da ganguna suka shigo ya ɗan ɗaga gira. Da mawaƙin ya hau can sama na saci kallonsa, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya saurara har ƙarshe, minti tara cif, har sautin ƙarshe ya mutu. Sannan ya buɗe ido, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Malam, tsakanina da Allah, ban taɓa jin banzan kiɗi irin wanga ba. Minti ukku mutum na gyaran jita kahin shi tuna waƙa yaz zaka yi. Mai gangar kau barci shikai. In nit tada injina, wanga ko tari nai ba a ji."

Ya ƙare yana kallona, idonsa na ƙyalli. Na ja numfashi.

"Yaya, ka gahwarce ni, amma injin nan ya cinye ma kunne. Kiɗi ba kokawa da inji ba na. Naka mawaƙin, in an ba shi waƙar ga shi ɗauka, sai dai a kai shi asibiti."

"Ni kaka ce ma ban da kunne?"

"Kai nika ce ma."

Ya daki cinyarsa ya fashe da dariya har da hawaye, ya kuma dawo da zafinsa nan take. Ya ce a sa tasa. Aka sa. Na ce a tsayar a tsakiya, na nuna masa inda mai jitarsa yake maimaita abu ɗaya tun farko. Ya ce maimaitawar ita ce ƙarfin. Na ce to a kira shi daka, kada a kira shi kiɗa. Muryoyinmu suka tashi har maƙwabcina ya leƙo ya ga ko lafiya. Matata ta aje mana ruwa a bakin ƙofa, ta dube mu ta girgiza kai, ta ce Allah ya shirya, ta koma ciki.

Muka tsaya muka yi la'asar, muka dawo muka ɗora daga inda muka tsaya. Da ƙyar na kai shi tasha kafin motar ƙarshe ta cika, muna tafe muna yi, mutane na ba mu hanya. Ya shiga ya matse a kujerar baya da lasifikarsa a cinya. Mota ta fara motsi, sai ya turo kai ta taga.

"Ranar kasuwa ka taho da wata! Ka zaɓo wadda tah hi wagga muni, ina jiranka!"

Na ce za ni zo, kuma ya tanadi haƙuri. Na tsaya a tashar ina dariya ni kaɗai har motar ta sha kwana. Tunda nake ba a taɓa zagin abin da nake so na ji daɗi irin na ranar ba. Ban nufi gida ba, tudun bayan makaranta na wuce, don akwai wata mai minti goma sha ɗaya da na daɗe ina nema.